Wa'azi ne ko Kirari? Jirgin Shugaban Ƙasa a Gidan Tarihi

A gefen birnin Dayton na jihar Ohio a Amurka, cikin gidan adana kayan tarihi na rundunar sojin saman ƙasar, akwai wani jirgi ƙirar Boeing 707 mai launin fari da shuɗi, da lamba 26000 a jelarsa. Ya fara aiki a 1962, aka yi masa ritaya a 1998, bayan ya ɗauki shugabannin ƙasa takwas, daga Kennedy har zuwa Clinton. Yau duk wanda ya ga dama yana iya hawa matakalarsa ba tare da ya biya ko sisi ba, ya ratsa ta wani siririn lungu da aka killace da gilashi dama da hagu, ya leƙa kujerun da a da ko minista sai da izini yake zama a kansu, ya sauka ta ɗaya ƙofar. Tambayar da wannan ziyara ke tayarwa ta girmi jirgin sama nesa ba kusa ba. Idan al'umma ta ɗauki abin hawan masu mulkinta ta goge shi, ta gina masa ɗaki, ta kira jama'a su zo kallo, wa'azi take yi wa masu kallon ko kirari take yi wa mulki? Abin da nake gani shi ne ajiye irin wannan abu daidai ne, kuma yana da amfanin da littafi ba zai bayar ba, amma da sharaɗi guda: a bar mai ziyara ya ga yadda aka sauka kamar yadda aka nuna masa yadda aka hau. Inda aka cika wannan sharaɗi, jirgin wa'azi yake yi ko da masu gidan kirari suka nufa. Inda aka ɓoye saukar, tsoron da malamai suka daɗe suna yi game da kayan manya ya tabbata.

Wani zai tare ni tun daga bakin ƙofa ya ce an ɗora wa ƙarfe nauyin da ba nasa ba. Jirgi dai jirgi ne, masu zuwa kuma yara ne 'yan makaranta da tsofaffin sojoji da masu sha'awar injina, su ɗauki hoto su wuce, babu wanda ya je neman izina ko tabarruki. Wannan magana ba ta jure wa ɗan bincike. Kamfanin Boeing ya ƙera ɗaruruwan jirage irin wannan, mafi yawansu an yanka su an sayar da ƙarfen, babu wanda ya zubar musu da hawaye. A cikin gidan tarihin nan na Dayton akwai jiragen da suka fi wannan gudu, suka fi shi girma, suka fi shi ban al'ajabi ta fuskar ƙira. Me ya sa wannan ne ake yi wa layi? Don abin da ya faru a cikinsa ne, kuma mai shiga ya san da haka kafin ya ɗaga ƙafa. Ɗan Adam bai taɓa iya kallon abin da babban al'amari ya taɓa a matsayin kaya kawai ba. Shi ya sa ake rigima kan zoben mamaci fiye da kuɗin zoben, shi ya sa kuma addini bai yi banza da wannan ɗabi'a ba, ya yi mata linzami. Wanda ya ce ƙarfe ne kawai bai warware matsalar ba, ya kawar da kai ne daga gare ta.

Abin da ya faru a cikinsa kuwa sananne ne. A ranar 22 ga Nuwamba 1963 jirgin ya sauke John Kennedy a filin Love Field na birnin Dallas da hantsi, yana shugaban ƙasa mafi ƙarfi a duniya, da matarsa a gefensa da furanni a hannunta. Da ƙarfe 12:30 aka harbe shi. Da ƙarfe 2:38 na wannan ranar, cikin wani ɗan ɗaki na jirgin da ya cika maƙil da mutane da zafi, mai shari'a Sarah Hughes ta rantsar da Lyndon Johnson, matar marigayin tana tsaye a hagunsa da jinin mijinta a tufafinta. A cikin ruɗewar ba a ma sami Littafi Mai Tsarki na Kirista ba, sai wani littafin addu'o'in ɗariƙar Katolika da aka tsinta a ɗakin Kennedy, a kansa Johnson ya ɗora hannu. Ma'aikatan jirgin sun ƙi yarda a sa gawar shugabansu a ma'ajiyar kaya ta ƙasa, sai suka cire kujeru a can baya, suka yanke wani ɓangare na bangon ciki don akwatin ya samu shiga. Haka jirgin ya tashi zuwa Washington da shugabanni biyu, ɗaya a gaba yana buga waya yana ba da umarni, ɗaya a baya ba ya jin komai. Tsakanin harbin da rantsuwar awa biyu ne da 'yan mintuna. Ban san wani mumbari da zai bayyana saurin juyawar mulki fiye da wannan ɗan tazarar da ke tsakanin gaban jirgi da bayansa ba. Bayan shekara tara da 'yan watanni, a Janairu 1973, jirgin nan dai shi ya ɗauko gawar Johnson daga Texas zuwa Washington, ya kuma mayar da ita.

Akwai wata ƙa'ida ta aikin jiragen da ke ƙarfafa wannan darasi, duk da cewa waɗanda suka kafa ta ba wa'azi suka nufa ba. Sunan nan da duniya ta sani, Air Force One, ba sunan wani jirgi ba ne. Laƙabi ne da masu kula da zirga-zirgar sama ke kiran duk wani jirgin sojin sama da shugaban ƙasa mai ci yake ciki, an kuma fito da shi a zamanin Eisenhower don kada a riƙa rikita jirgin shugaba da na fasinja a rediyo. Da zarar shugaba ya fita, jirgin ya koma lambarsa. A ranar 9 ga Agusta 1974 Richard Nixon, wanda badaƙalar Watergate ta tilasta wa yin murabus, ya shiga ƙanin wannan jirgi mai lamba 27000 zai koma gida California. Suna sararin jihar Missouri aka rantsar da Gerald Ford a Washington, sai matuƙin, Kanar Ralph Albertazzie, ya kira masu kula da hanya ya nemi a sauya laƙabin jirgin zuwa lambarsa ta yau da kullum. Injin bai canza sauti ba, kujerar ba ta motsa ba, mutumin da ke kanta shi ne dai wanda ya zauna ɗazu, amma abin da ya sa ake share masa sararin sama ya bar jikinsa ya koma kan wani. Cikin mai lamba 26000 ma bai tsaya yadda wani ya bar shi ba. Johnson ya sa an kafa masa kujera da tebur masu tashi da sauka da maɓalli, har ma'aikata suka riƙa kiran kujerar gadon sarauta, ya kuma sa aka juya wasu kujerun fasinja suna fuskantar ɗakinsa. Nixon na zuwa ya sa aka sake tsarin, ya raɗa wa jirgin sunan da ya ga dama. Sarki goma zamani goma. Abin da mai ziyara ke gani a Dayton ba ɗakin 1963 ba ne yadda yake a ranar, domin kowane mai hawa ya kankare wani abu na wanda ya gabace shi, kuma wannan kankarewar tana cikin abin da ya kamata a gani.

To me ya sa sai an je an gani, alhali duk wannan yana rubuce? A nan ne Alƙur'ani yake da matsayi bayyananne. A wurare da dama, cikinsu har da surorin Ali Imrana da Rum da Gafir, an umarci mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabace su ya kasance, ana kuma tunatar da su cewa waɗancan sun fi su ƙarfi da yawan gine-gine. Ba a wadatu da ba da labari ba, an ce a je a duba. A surar Yunus an faɗi cewa an tsirar da gangar jikin Fir'auna don ta zama aya ga na baya. Ma'ana, barin abin da mai ƙarfi ya bari a fili inda ido zai gan shi yana cikin hanyoyin tarbiyya da Allah da kansa ya zaɓa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mulki yana rayuwa ne da nisa. Talaka yana ganin jirgin shugaba daga bayan shinge, ko a talabijin an ɗauko shi daga ƙasa yana sheƙi, da jan kafet da masu busa da masu sara wa. Daga can nesa zuciya kan ƙara masa girman da ba shi da shi. Wanda ya shiga ciki kuwa zai tarar da rufi a kusa da kansa, da lungun da mai jiki sai ya karkace, da wayoyin tarho masu igiya da na'urorin da wayar da ke aljihunsa ta fi su aiki, da ɗan banɗaki kamar na kowa. Gani ya kori ji. Surar Ƙasas ta ba da labarin ranar da Ƙaruna ya fito cikin adonsa, masu son duniya suka yi ta burin ina ma su ne, da kuma wayewar garin da waɗannan mutanen dai suka dawo suna godiya da ba su ba ne. Ba ina cewa shugabannin Amurka Ƙaruna ba ne, hukuncin kowa yana wurin Ubangijinsa. Abin lura shi ne masu kallon ba su canza ba, abin da suka gani ne ya canza, sai burinsu ya bi. Jirgi a bakin aiki fitowar ado ce. Jirgi a gidan tarihi, idan an bar shi ya faɗi gaskiya, wayewar garin ce.

Sai dai akwai masu ilimi da za su ce wannan rabin karatu ne, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. Bukhari ya kawo bayanin Ibn Abbas cewa gumakan nan biyar da aka ambata a surar Nuhu, Waddu da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru, asalinsu sunayen mutanen kirki ne. Da suka mutu sai jama'arsu suka kafa alamomi a wuraren zamansu don tunawa da su, ba don bauta ba. Sai da wannan tsara ta shuɗe, dalilin kafawar ya ɓace, sannan aka soma bauta musu. Ibn Sa'ad kuma ya ruwaito cewa da Halifa Umar ya ji mutane suna zuwa yin salla wurin bishiyar da ake cewa a ƙarƙashinta aka yi mubaya'ar Hudaibiyya, sai ya sa aka sare ta. Idan bishiyar da aka ambata a Alƙur'ani ba ta tsira daga gatari ba saboda toshe ƙofar ɓarna, ina dalilin gina wa jirgin wani shugaba fada? Masu wannan ra'ayi sun fahimci wani abu da masu gidajen tarihi kan manta: niyyar wanda ya ajiye abu ba ta bin abin zuwa tsara ta uku. Kaya sun fi bayani tsawon rai. Allon da aka rubuta a gefe zai tsufa, a sauya shi, a manta da shi, amma jirgin zai ci gaba da sheƙi yana cika ido.

Na yarda da tsoron, ban yarda cewa gatari ne kaɗai maganinsa ba. A shekara ta 9 bayan hijira, a hanyar Tabuka, Manzon Allah (SAW) ya ratsa ta Hijir, kufan Samudawa, da rundunarsa. Bai sa an rushe gidajen da aka sassaƙa a duwatsu ba. Abin da ya yi shi ne ya gindaya yadda za a shiga: ya hana shiga sai da kuka da tsoron kada abin da ya same su ya sami mai shiga, ya rufe kansa, ya sa taguwarsa ta yi sauri har ya wuce kwarin. Hukuncin nan na wurin da azaba ta sauka ne, ba za a ɗauke shi ɗungurungum a ɗora wa gidan tarihi ba, amma akwai ƙa'ida a cikinsa da ta wuce wurin. Kufai iri ɗaya yana iya zama magani ga wani, guba ga wani, bisa ga halin da aka shiga da shi. Idan aka jera labaran biyu za a ga abin da ya raba su. Alamomin mutanen Nuhu da bishiyar Hudaibiyya suna tuna wa mutum ɗaukaka ne zalla, babu faɗuwa a cikinsu, don haka zuciya ke manne musu. Gidajen Hijir da gangar jikin Fir'auna kuwa ƙarshensu yana rubuce a jikinsu, mai kallo ba zai iya ganin girman ba tare da ganin yadda ya ƙare ba. Na farkon aka sare, na biyun aka bari. Ma'aunin ke nan da ya kamata a auna kowane jirgi da kowace mota da kowace alkyabba da aka sa a bayan gilashi: shin ana ganin ƙarshen a jikinta?

Da wannan ma'auni za a ga cewa jiragen nan biyu, duk da ƙirarsu ɗaya ce da fentinsu ɗaya, ba magana ɗaya suke yi ba. A Dayton mai lamba 26000 yana cikin jeri. Kusa da shi ga jirgin da ya kai Franklin Roosevelt taron Yalta a 1945, da ɗan lif ɗin da ake ɗaga shi da kekensa na guragu saboda ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa, wata biyu kafin ya rasu. Ga na Truman, ga na Eisenhower. Kowanne ya yi zamaninsa a matsayin abin da babu kamarsa, kowanne an ture shi gefe. Mai lamba 27000 kuwa, wanda ya yi aiki daga 1972 zuwa 2001, an kwance shi gunduwa-gunduwa aka kai shi kan wani tudu a Simi Valley ta California, aka sake haɗa shi a ɗakin tarihin Ronald Reagan, aka buɗe wa jama'a a 2005. An ɗora shi kan ginshiƙai yana fuskantar wani makeken bangon gilashi kamar yanzu zai tashi, an mayar da cikinsa yadda yake a zamanin Reagan, har da alewar da aka san shi da so. Kabarin Reagan yana harabar. A ƙarƙashin fikafikansa ake liyafa, a gabansa kuma 'yan takarar jam'iyyar Republican suka yi muhawara a 2015, kowa yana neman a ga shi ne magajin mai gidan. Gaskiya ne Reagan ya fi kowa tafiya da wannan jirgi, shi ya kai shi Berlin a 1987. Amma shugabanni bakwai ya ɗauka. Shi ne jirgin da laƙabi ya suɓuce wa Nixon a cikinsa, shi ya kai Jimmy Carter Jamus a Janairu 1981, kwana ɗaya da barin mulki, don ya tarbi Amurkawan da aka yi garkuwa da su a Iran, waɗanda aka ƙi saki sai da ya sauka, shi kuma ya kai gawar Nixon California a 1994. Ba na zargin kowa da bautar jirgi. Ina cewa ne kawai jirgin da ke da labaran sauka masu yawa haka an tsayar da shi a kan sa'ar hawan mutum ɗaya, kuma daga irin wannan tsayarwar ce mutanen Nuhu suka fara. Abin dariya a ciki shi ne har yanzu jirgin mallakar rundunar sojin sama ne, aro aka ba ɗakin tarihin.

Hujjar da ta fi duk waɗannan nauyi daga wani ɓangare take zuwa, kuma ba na jin za a iya kawar da ita gaba ɗaya. Mai ita zai ce wane mulki ne ya shuɗe? An ajiye 707 ne don an sami wanda ya fi shi. Tun 1990 manyan jirage biyu ƙirar 747 suka karɓi aikin, ƙasar da ta mallake su kuwa ƙarfinta bai ragu da ritayar tsohon jirgi ba. Samudawa sun ƙare, Amurka tana nan. Gidan da ke Dayton na soja ne, kuma a ƙarƙashin rufinsa akwai Bockscar, jirgin da ya jefa bam ɗin nukiliya a Nagasaki ranar 9 ga Agusta 1945. Wanda ya gina irin wannan gida ba gushewar duniya yake son koyarwa ba, yana nuna cewa ƙarfinsa ya daɗe kuma yana ƙaruwa. Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya riga ya gane cewa abin da daula ta bari ma'aunin ƙarfinta ne, ya kuma kawo labarin Haruna Rashid da fadar Kisra, sarkin Farisawa, da ke Mada'in. Halifan ya so rushe ta, Yahaya ɗan Khalid Barmaki ya ba shi shawarar ya bar ta tsaye ta zama shaidar girman waɗanda suka ci masu ita da yaƙi. Haruna ya zarge shi da son zuciya irin na Bafarishe, ya sa aka fara rushewa, aikin ya gagara. Da ya sake neman shawara sai Yahaya ya ce yanzu kam ya ƙarasa, kada a ce Sarkin Musulmi ya kasa rushe abin da Farisawa suka gina. Duk shawarwarin biyu babu izina a cikinsu, lissafin suna ne. Ko kufan wanda aka ci da yaƙi ana iya mai da shi kirarin wanda ya ci, balle jirgin da daula mai rai ta ajiye da hannunta.

Duk wannan gaskiya ne, amma ya sa ido ne a kan daula, alhali abin da jirgin ke ba da shaida a kai shi ne mutum. A ranar hisabi ba ƙasa ake kira ba, ba ofis ba, ba tuta ba. Kowa shi kaɗai zai zo, a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Cewa kujerar ta ci gaba bayan mai ita ba ya raunana darasin, shi ne ma darasin: abin da ya ɗauka nasa ne bai ko girgiza da tafiyarsa ba. A Oktoba 1981, bayan kisan shugaban Masar Anwar Sadat, mai lamba 26000 ya ɗauki Nixon da Ford da Carter tare zuwa jana'iza a Alƙahira. Mutum uku da kowannensu ya taɓa zama dalilin laƙabin, ga su fasinjoji a jirgin da ba a kira shi da laƙabin ba, za su binne na huɗu da aka harbe a tsakiyar faretin sojojinsa. Inda hujjar ta yi nasara a kaina shi ne wajen abin da jirgin ba ya iya faɗi. Yana nuna inda aka zauna, ba ya nuna abin da aka yanke a zaune. Wannan jirgin ne ya kai Johnson ziyarar sojojinsa a Vietnam a 1966, lokacin da yake ta ƙara yawansu, kuma mutanen ƙauyukan da bama-bamai suka faɗa wa ba su da kujera a bayan gilashin. Idan aka so sa su a allon bayani ma, rigima ce. A 1995 cibiyar Smithsonian ta so baje kolin Enola Gay, jirgin da ya jefa bam a Hiroshima, tare da hotuna da bayanin waɗanda bam ɗin ya hallaka. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji da 'yan majalisa suka taso, aka soke tsarin, shugaban gidan tarihin Martin Harwit ya ajiye aiki. Saboda haka mai ziyara ba zai jingina da allo ba. Umarnin da aka yi na tafiya da dubawa bai taɓa nufin a tsaya a kan abin da mai gida ya nuna ba, an haɗa shi ne da aiki da hankali, kuma wanda ya shiga da jahilci da jahilcinsa zai fito, sai dai ya ƙaru da hoto.

Akwai wani abin hawa a kusa da mu da ke gwada wannan ma'auni ta wata fuska. A gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas an ajiye baƙar Marsandin da aka kashe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976, bayan mulkin da bai kai wata bakwai ba. Motar ta mutum ɗaya ce, da sunansa ake zuwa ganinta, babu jerin magada a gefenta. In da yawan masu hawa ne ma'auni, da ta faɗi. Amma ramukan harsashi suna jikinta, kuma su suke yin aikin da jerin jirage ke yi a Dayton. Ba wanda zai tsaya gabanta ya yi burin ina ma shi ne a kujerar baya. Ko masu ƙaunar Murtala, kuma suna da yawa, abin da motar ke nuna musu shi ne shugaban da ke bin cunkoson Legas ba tare da ayarin tsaro ba, da kuma abin da hakan ya jawo masa, tare da dogarinsa Laftanar Akintunde Akinsehinwa da direbansa waɗanda ba a cika ambatonsu ba. A kwatanta ta da motar da aka harbi Kennedy a ciki. Ita ba a bar ta da rauninta ba. An kwance ta, aka sa mata sulke da rufi na dindindin, aka sauya mata fenti zuwa baƙi, ta ci gaba da ɗaukar shugabanni har 1977, sannan aka kai ta gidan tarihin Henry Ford a Michigan. Mai kallonta yau sai an gaya masa, domin jikinta ba ya faɗin komai. A wannan fuska ta Legas, duk da ƙarancin kuɗin gidan da take ciki, ta fi ta Michigan gaskiya.

Wannan batu bai tsaya a tarihi ba. Jiragen 747 da ke aiki yanzu su ma sun tsufa, sun kuma riga sun tara nasu labaran sauka. Ɗayansu ya ɗauki gawar George Bush babba a Disamba 2018, aka kira tafiyar da lamba 41, matsayinsa a jerin shugabanni, haka kuma aka yi wa Carter da lamba 39 a Janairu 2025. Ranar da za a yi musu ritaya za a yi ja-in-ja kan inda za su, kuma zaɓin zai kasance tsakanin jeri irin na Dayton da ginshiƙi irin na Simi Valley. A 2025 kuma ma'aikatar tsaron Amurka ta karɓi kyautar wani 747 daga gwamnatin Ƙatar don a gyara shi ya riƙa ɗaukar shugaban ƙasa, aka kuma bayyana cewa bayan wa'adin Donald Trump za a miƙa shi ga ɗakin tarihinsa. Masu suka sun fi mayar da hankali kan halaccin karɓar kyautar da kuɗin gyaranta, kuma suna da dalilinsu. Ta fuskar da muke magana kuwa abin da ya bambanta shi da na baya shi ne an san ɗakin da zai ƙare da sunan da za a rubuta a ƙofar tun bai fara aiki ba. Tsofaffin jiragen sun yi shekara talatin suna sauke wani suna ɗaukar wani kafin a yi tunanin ajiye su, shi ya sa ko an so a mai da su na mutum ɗaya sai an yi aikin share sauran. Wannan ba zai buƙaci sharewa ba, domin idan tsarin ya tafi yadda aka faɗa, babu shugaba na biyu da zai zauna a kujerarsa.